Kunkuru da Irin Kuɓewar Iya

Ranar wata Litinin ce, kwana biyu bayan saukar ruwan farko, a shekarar da nake aji biyar na firamare a Makarfi. Na dawo daga makaranta da azahar ina tafe ina 'yan tsalle-tsalle, jaka tana dukan bayana, domin ranar ce karo na farko a duk zangon da na isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Ina zagayowa ta bayan gidanmu sai na hango mutum durƙushe a kan juji. Na ɗauka wata mai tsintar robobi ce. Da na matso sai na gane ɗankwalin Iya, kakata, mahaifiyar babanmu, matar da ko kusa da jujin nan ba ta bi idan tana da alwala. Ta tattare zani zuwa gwiwa, ta tura yatsu goma cikin toka da ɓawon rake da kashin awaki, tana ɗebowa tana murzawa a tafin hannu, kaji sun kewaye ta tana korarsu da gwiwar hannu. A gefenta ga ɗan gora a kwance, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki. Ganin goran nan kawai na san an yi ɓarna, domin duk gidan babu wanda bai san abin da ke zama a cikinsa ba. Irin kuɓewar Iya ne, kuma shi kaɗai ya rage mata. Ta ɗago fuska duk toka ta ce, "Rabi, ina kika zubar da sharar falo?" Na tsaya ƙiƙam na kasa ba ta amsa, amma sai na mayar da labarin baya kaɗan kafin a gane abin da ya ɗaure mini baki.

Kuɓewar Iya ba irin wadda ake sayar da irinta a leda a kasuwa ba ce. Gajeriya ce mai kauri, da ɗan ja-ja a gindi, kuma ko an kwana uku ba a tsinke ta ba, ba ta saurin ƙosawa. Yauƙinta kuwa ba a magana, idan aka kaɗa miya sai ka kai loma baki tana biye da kai tun daga kwano. Mahaifiyar Iya ce ta ƙulle mata irin a bakin zani ranar da za a kawo ta gidan nan daga Gubuchi, kuma tun daga lokacin babu daminar da ba ta shuka shi ba a 'yar garkar da ke bayan ɗakinta. Can Gubuchin ma an daina shuka shi, kowa ya koma na leda mai saurin 'ya'ya. To a daminar da ta gabaci wannan, wata ranar kasuwa da gida ya yi shiru, awakinmu suka fasa danga suka yi wa garkar aski. 'Ya'ya biyar kacal suka tsira a can jikin katanga. Iya ta bar su suka bushe a kan uwarsu, ta ɓare su da hannunta, ta samu abin da bai wuce cikin tafin hannu ɗaya ba. Ta cakuɗa shi da tokar murhu don kada ƙwari su taɓa, ta ɗura a gora, ta toshe da totuwar masara, ta rataye a saman gadonta. Shekarar nan ko sau ɗaya ba mu sha miyar kuɓewar Iya ba, kuma duk wanda ya buɗe baki ya yi ƙorafi sai ya ji abin da bai nema ba.

Ni kuwa aikina a gidan shara ce. Yayyena maza ne, nasu ɗebo ruwa da yanko wa awaki ciyawa, saboda haka tsintsiya ta zama gadona ni kaɗai. Da an idar da sallar asuba zan ɗauki guda biyu, ta kwakwa don tsakar gida da zaure da bakin turke, ta laushi don ɗakin Inna, mahaifiyata, da ɗakin Iya da falo. Falon nan shi ne abin alfaharin Baba, domin shi kaɗai ne ɗakin da aka yi wa daɓen siminti mai sulɓi, da ƙofar ƙarfe da taga mai gilashi. Da sharar kawai ce da minti ashirin na gama. Amma Iya tana da dokarta. Za ta fito da kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofa da carbi a hannu, kuma kullum kalmarta ɗaya ce: "Ki duba ƙasa kafin ki sa tsintsiya." Sai na zagaye gidan kaina a sunkuye, hannuna a baya. Ga sawun ɓera ya nufi buhun masara, a toshe ramin. Ga gara ta fara ɗaga ƙasa a gindin bango, a faɗa wa Baba. Ga wani layi mai lanƙwasa a kan yashi, kada yaro ya sa hannu bayan randa yau. Allura, maɓalli, ɗan kunne, a tsince. Takarda mai rubutun Larabci, a ɗauke a cusa a ramin bango, ba a haɗa ta da shara. Bayan na share kuma ba a kwashe tulin sai ta zo ta tona da tsinke, ta ware ƙwayar dawa da masara ga kaji, sannan ta ce a kai sauran juji.

Wannan dokar ce take cinye mini safiya. Kafin in yi wanka in kurɓi koko in kama hanya, an daɗe da buga ƙararrawa. Hukuncin wanda ya makara kuwa shi ne ya share ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya da ke gaban ajujuwa. Ka ji fa! Shara ta sa na makara, a hukunta ni da shara. Ƙawayena suna can gindin taga suna carafke da duwatsun da muka tsinto tare, ni ina fama da busassun ganye, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini Rabi mai tsintsiya. Wallahi na tsani sunan nan, na tsani tsintsiya, har wani lokaci ina jin haushin Iya a raina, duk da cewa a ɗakinta nake kwana kuma ita ke ɓoye mini ƙanzo.

Kamar wata uku kafin wannan Litinin ɗin, Baffa Sani, ƙanen babanmu, ya zo daga Kaduna. Direba ne a gidan wasu mutane, kuma da za su bar ƙasar suka ba shi tarkacen da ba za su tafi da shi ba. Cikin abin da ya kawo akwai wani abu baƙi, zagayayye, faɗinsa kamar faifai, kaurinsa kamar tsawon yatsa. Inna ta ce sikeli ne, Baba ya ce sai dai murhun lantarki. Baffa Sani ya yi dariya kawai ya jona shi a caji, aka yi sa'a an kawo wuta ranar. Da la'asar ya tara mu a falo, ya watsa ɓawon gyaɗa a kan siminti, ya danna wani maɓalli. Abin ya yi ƙara, ya juya, ya kama tafiya shi kaɗai. Yara suka watse da ihu, Iya ta janye ƙafafunta sama tana a'uziyya. Ya bi ta kan ɓawon gyaɗar nan, ya wuce, wurin ya zama tas. Ya je ya yi karo da bango, ya tsaya kamar mai tunani, ya juya ya canja hanya. Iya ta daɗe tana kallonsa sannan ta ce, "Wannan ai kunkuru ne." Daga ranar sunansa ke nan. Da yake ni ce mai shara, ni kaɗai Baffa ya koya wa yadda ake sarrafa shi: ga maɓalli, ga inda ake jona caji, ga ɗan akwatin da ake zarowa a bayansa a zubar da abin da ya tara, ga burushin cikinsa da ake cire wa gashi da zare. Washegari ya koma Kaduna ya bar ni da mulki.

Zan faɗi gaskiyar aikin Kunkuru, domin babu wanda ya san shi kamar ni. A falo gwani ne. Ƙura, gashi, ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, yashin da takalma ke shigowa da shi, duk yana kwashewa, kuma yana shiga ƙarƙashin doguwar kujera, inda tsintsiyata ba ta taɓa kaiwa ba sai an ɗaga. Amma da ya bar falo sai ya zama abin tausayi. Dokin ƙofa ba ya iya haurawa, sai an ɗauke shi kamar jariri. A ɗakin Inna ledar ƙasa ta yage a gefe, ya kama bakin ledar ya cusa a cikinsa ya tsaya yana kuka. Bakin tabarma ma haka, gezar darduma ma haka, ya taɓa haɗiye igiyar carbin Baba har sai da na sa almakashi. Lungu ba ya shiga, saboda shi zagayayye ne, sai ya bar ƙura a kowace kusurwa in bi da tsintsiya. Ɓawon rake kuwa, wanda gidanmu ba ya rabuwa da shi muddin motocin rake daga Kudan na sauke kaya a kasuwa, guda ɗaya ya isa ya shaƙe shi. Ranar da na gwada shi a tsakar gida, bai yi taku goma ba ya cika cikinsa da yashi ya kafe, zakaranmu ya zo ya tsaya a kansa. Ga shi sai an kawo wuta yake ci, kuma wani lokaci sai a kwana uku ba a kawo ba. Duk da haka matan unguwa suna turo yara wai a ba su aron mai shara, ni kuwa ina hura hanci ina cewa ba ya zuwa unguwa.

A nan ne na yi abin da ya ɗaure mini baki a kan juji. Kowa ya ga Kunkuru ya share wuri sai ya tambaya, to ina sharar take tafiya? Babu tuli, babu abin kwashewa. Ni kuma na san idan Iya ta gano akwai akwati a cikinsa, to za ta ce a zazzage a gabanta ta tona da tsinke, in koma gidan jiya. Sai na ce ƙonewa take yi a ciki ta zama iska. Na sa su suka taɓa bayansa suka ji iska mai ɗumi tana fitowa, kowa ya gyaɗa kai. Inna ta ce ikon Allah, Baba ya ce Bature ba dama. Ni kuwa sai in faki ido in zare akwatin in zazzage a bayan turke. Iya kaɗai ce abin bai kwanta mata ba. Takan taɓe baki ta ce, "Ni sharar da ban ga tulinta ba ban san an yi ta ba." Amma ita ma ta yarda cewa ƙonawa yake yi, domin ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko. Ranar Lahadi da la'asar, ina Islamiyya, Iya ta sauko da goranta. Al'adarta ce kafin shuka ta baza irin ya sha iska kwana ɗaya, kuma a duk gidan babu inda kaza ko akuya ba ta shiga sai falo. Ta zazzage shi da tokarsa a kan siminti, ƙarƙashin taga, ta baza da tafin hannu, ta ja ƙofa. Ta faɗa wa Inna, amma ni babu wanda ya faɗa wa. Me za a faɗa mini? Ai mai shara tana duba ƙasa. Litinin da asuba na tarar an kawo wuta Kunkuru ya ƙoshi, ga Iya kuma sanyin ruwan ya tayar mata da ciwon gwiwa ba ta fito da kujerarta ba. Na ce yau ranata ce. Na leƙa falo na hango toka a ƙarƙashin taga, na ce wani ya kifar da kaskon turaren wuta. Da na sunkuya sau ɗaya tak da na ga ƙwayoyin a ciki. Ban sunkuya ba. Na ɗauki Kunkuru da hannuna na dire shi a bakin tokar, na danna maɓalli, na rufe ƙofa. Na yi wa tsakar gida sharar shafa-shafa, na watsa ruwa a jiki, na dawo na tarar da siminti yana ƙyalli. Saboda sauri ko akwatin ban zare ba, na tura shi ƙarƙashin kujera na zura da gudu. Ranar a sahun gaba na tsaya, ina kallon waɗanda suka makara ina musu gwalo.

Abin da ya faru a bayana, daga baya Inna ta ba ni labari. Da hantsi Iya ta lallaɓa falo da goranta ta tarar da wuri wayam. Inna ta ce mata ta ji ƙarar Kunkuru da safe. Iya ta ce a'a, Rabi da tsintsiya ta yi, ta dai manta ne ta kwashe. Ta ƙi yarda, domin idan Kunkuru ne to irin ya ƙone, idan tsintsiya ce kuwa yana kan juji. Shi ya sa tun hantsi take durƙushe a wurin da ciwon gwiwarta, tana tsere da kaji.

Ta sake tambayata, a hankali wannan karon. Na ce, "Kunkuru ne, Iya." Sai na ga hannayenta sun tsaya. Ta zauna daɓas a kan jujin, ta ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ɗauki goran ta leƙa cikinsa kamar wani abu zai fito. Ba ta zage ni ba, ba ta ko harare ni ba. Cewa kawai ta yi, "Shi ke nan, ya ƙone. Na innata ne fa." Tsohuwa mai jikoki goma sha, ta ce innata kamar yarinya, hawaye suna yin hanya a cikin tokar fuskarta. Na san idan na yi shiru ba wanda zai taɓa sanin ƙaryata, laifin zai tsaya a kan rashin duba ƙasa. Na kuma san irin yana nan kwance a ƙarƙashin kujera. Ban yi dogon tunani ba, kuka ne ya riga ni. Na ce, "Iya, ba ya ƙonawa. Ƙarya na yi muku. Yana cikinsa."

Ban taɓa ganin Iya ta tashi da sauri irin na ranar ba. Ta ce a kawo faifai da rariya. Na jawo Kunkuru tsakar gida, gidan duka a kaina, na zare akwatin a gaban kowa na kife a faifai. Toka, ƙura, gashi, ɓawon gyaɗa, da wani maɓallin rigar Baba da aka daɗe ana nema. Iya ta zuba a rariya ta tankaɗe, toka da ƙura suka zube. Ta tsince gashin da yatsa. Sannan ta mayar a faifai ta fara bakace, tana kaɗawa tana hurawa, kuma a nan na ga aikin hannun da ya shekara sittin yana yi. Tarkace ya yi gaba, ƙwayoyin suka gangaro gefenta suna taruwa, 'yan mulmulallu masu duhun kore. Wasu burushi ya fasa su, wasu ya kankare musu baya. Ta ce in kifar da Kunkuru, ta miƙo mini tsinke, na bi burushin da ƙafafunsa ina zaƙulo waɗanda suka maƙale, tana tsaye a kaina tana cewa saura can, saura can. Da Baba ya dawo daga gona ya ji labarin ƙaryar, ya nufi inda yake ajiye bulala. Iya ta ce, "Ƙyale ta tukuna, bari mu ga ko zai fito." Da dai ya dake ni a ranar da ya fi mini sauƙi.

Ta jiƙa irin a ɗan ruwan ɗumi ya kwana. Waɗanda suka taso sama ta san ba su da rai, amma ta ƙi zubarwa, ta ce a ba su nasu layin a jikin katanga. Da safe ta ce ni zan shuka. Tana zaune a kan kujerarta a bakin garka, ni ina sara rami da 'yar fartanya, ina jefa ƙwaya bibbiyu maimakon uku da ta saba, ina rufewa da diddige. Ranar na makara fiye da kullum, na share ƙarƙashin dalbejiya. Sai kuma ruwa ya ɗauke. Kwana uku sama tas, ni ce jan guga safe da yamma ina yayyafa wa ramukan da gwangwani mai huji. Na ƙara wa danga ƙaya har hannuna ya yi jini. Iya ba ta daina ba ni ƙanzo ba, amma ta daina hira da ni, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai. Kwana huɗu babu komai. Kwana biyar babu komai, har na ji Inna tana ce wa Baba wataƙila zafin injin ya kashe su.

A safiya ta shida na fito da tsintsiyoyina, na ajiye su, na fara zagayen duba ƙasa kaina a sunkuye, ba tare da kowa ya ce in yi ba. Na bi ta bayan ɗakin Iya, sai na ga ƙasar wani rami ta tsage, wani ɗan koren abu ya lanƙwaso wuya yana ture ta. Na duba na gaba, shi ma haka. Na durƙusa na bi layin da rarrafe ina ƙirgawa, na samu ashirin da uku, har da guda biyu a layin jikin katanga da aka fid da rai da su. Na kwarma ihu har awaki suka firgita. Iya ta fito tana ɗingishi, ta sunkuya ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. Da ta ɗago sai ta kama kunnena ta murɗa kaɗan ta ce, "To mai ƙona shara, je ki yi aikinki." Wannan sunan ya bi ni har ranar da ta bar duniya, kuma shi ban taɓa jin haushinsa ba.

Ba a kori Kunkuru ba, doka aka yi masa. Sai na duba ƙasa kafin in sake shi, kuma sai an kife akwatinsa a faifai a gaban Iya. Da ta ga irin ƙurar da yake fitowa da ita daga ƙarƙashin kujera, har cewa ta yi a riƙa ɗaga shi ana kai shi ƙarƙashin gadonta ranar Juma'a. Amma bai yi tsawon rai ba. Batirinsa ya riƙa raguwa, daga share falo duka ya koma rabi, daga rabi ya koma ya yi taku kaɗan ya tsaya, kafin wata damina ya yi shiru gaba ɗaya. Baffa Sani ya zagaye Kaduna bai samo irin batirin ba. Yayyena suka so su farke shi su cire ƙafafun su yi mota, Iya ta hana. A shekarar ta samu iri har ya fi ƙarfin gora, ta zuba a tukunya ta rufe da faranti, ta ɗora Kunkuru a kai don kada ɓera ya ture murfin. Ta ce nauyinsa daidai ne, kuma a can ya ƙare aikinsa.

Yanzu ina koyarwa a Ikara, ina zaune a gida mai tayil da sola, kuma bara na sayi wani sabon Kunkurun da kuɗina. Wannan ya fi na da wayo nesa ba kusa ba. Ya san ɗakunan gidan, ba ya karo da bango, idan ya ji yunwa da kansa yake komawa wurin cajinsa. Abokan aikina sukan tambaye ni ko yana aiki, in ce musu ƙwarai yana yi, muddin ƙasan ɗakinka wurin takawa ne kawai. Mu kuwa a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa muke shanya kuka da barkono, a ƙasa yaro ke barci, kuma shi duk abin da ya tarar a ƙasa shara ne a wurinsa. Saboda haka har gobe ba na danna maɓallin sai na zagaye ɗakin kaina a sunkuye, hannuna a baya, kuma ba na zubar da akwatin sai na kife shi a faifai. Maigidana yana mini dariya, ya ce na sayi inji kuma ina yi masa rabin aikin. Ba na musu da shi. Tsakar gidanmu ta Makarfi an shafe ta da siminti, babu sauran yashin da ɓera ko maciji zai bar sawu a kai, garkar Iya kuma ɗaki aka gina a wurin. Wani lokaci idan ina wannan zagayen da safe sai in ji kamar zan waiga in gan ta a bakin ƙofa da carbinta, kuma kewarta takan kama ni har in tsaya.

Goran yana wurina. Duk ƙarshen damina ina cika shi da iri da tokar murhu, in toshe da totuwa, kuma shekara uku ke nan ina aika wa dangin Iya a Gubuchi cikin tafin hannu ɗaya. Idan ruwan farko ya sauka nakan baza nawa a kan tayil ƙarƙashin taga, amma sai na fara ɗauke Kunkuru na ɗora shi a kan kabad na kulle ɗakin. Makon jiya na shuka a bayan gida, ƙwaya bibbiyu a rami. Yau da safe na zagaya na duba ƙasa, bana ma ta fito.